Rijiyoyi Ashirin da Bakwai a Tsakar Gidana

Ku matso kusa, don wannan ba maganar ɗaga murya ba ce, ko da yake Panshekara kaf ta riga ta ji ta, har da ƙarin gishiri. Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka haska tsakar gidana a jikin bango ba, gaban mutane cike da ɗakin taro a Bompai, ni kuma ina zaune da takardar yabo a cinya. Duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci sabo fil. Abin da ya fi ƙona min rai kuwa, in na zauna na rarraba fushin, na ba kowa rabonsa, kaso mafi tsoka gida yake dawowa.

Ni mace ce mai son gida. Ba kulle aka yi min ba, mijina, Baban Walida, bai taɓa hana ni fita ba, ni ce dai ba na so. Ku ba ni tabarmata, da inuwar darbejiyar da ta leƙo daga gidan maƙwabta, da rediyo, da wadda zan cika wa kunne da surutu, to kun gama min komai. Karatuna firamare ne sai Islamiyya. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina zaune zan gaya muku jiniyar wane kamfani ce ta tashi ma'aikata a Challawa, da wanda ya yi sallama a soron gida na uku. Labarin gari har kan tabarma yake zuwa ya same ni, to yawon me zan yi?

Aikin ta hannun mai unguwarmu ya zo. Wata ƙungiya ce ta shigo za ta yi taswirar ruwa ta unguwannin da ke kewaye da kamfanoni, Sharaɗa da Challawa da Bompai. Ba taswirar takarda ba, a waya ake yinta. Kowace rijiya sai ta zama ɗigo guda, mai kyau shuɗi, wadda ruwan kamfani ya ɓata ja. Inda ja ya taru da yawa, nan za a haƙa wa mutane burtsatse. Maza suka fara aikin, kwana biyu suka dawo hannu wayam, don duk soron da suka nufa an rubuta "Ba a shiga". Rijiya kuwa a tsakar gida take, wurin mata. Shi ne aka ce a nemo matan aure. Mai unguwa ya ba da sunana, wai babu gidan da zai iya rufe min ƙofa saboda bakina. (A lokacin na ɗauka yabo ne.)

Da cewa na yi ba na so. Gwaggo Tabawa ce ta faɗo min a rai. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara biyar da mahaifiyata ta rasu, ita ta aurar da ni. Tana zaune a tsohuwar unguwarmu da ke bayan kamfanonin fata a Challawa, inda kowa ya san rijiyoyi sun lalace. Na ce in dai wannan aikin zai kawo wa Gwaggo ruwa mai kyau, to zan ajiye tabarma. Na buga mata waya na yi mata alƙawari da ƙarfi, don kunnenta ya yi nauyi sai an ɗaga murya. Ta sa min albarka har katina ya ƙare.

Aka kwashe mu zuwa Kaduna bita. Ban taɓa wuce Zariya ba sai ranar, kuma tun daga Kwanar Ɗangora nake amai a leda. Wanda ya koya mana aikin wani saurayi ne injiniya, Malam Sadiku, mai gilashi da wando ɗamamme, wanda in ya fara magana da Hausa sai ta tsere masa a tsakiya ya ƙarasa da Turanci. Abin da na kwaso daga bakinsa shi ne: ki tsaya a bakin rijiya, ki danna nan, wani ɗan zobe zai yi ta juyawa, ki jira har ya tsaya ya zama kore. Sannan ki ɗauki hoto, ki cika launin ruwan, warinsa, zurfin rijiyar, mutum nawa ke amfani da ita, ki aika.

Dalilin jiran koren nan, yanzu yana rantsuwa ya faɗa. Wataƙila ya faɗa. Amma da wane yare? Ni da nake gane tafiyar mijina tun daga bakin layi, da ya faɗa da Hausar uwarsa ai da na riƙe. Ni dai na ɗauka sabis ake jira, kamar yadda ake ɗaga waya sama in za a kira ƙauye. Ban tambaya ba, don akwai 'yan mata masu difloma a ɗakin, ba na so su ce an kawo musu 'yar ƙauye. Ku riƙe wannan, a nan ramin ya fara.

Shekarar nan na ga duniya, kuma ban ji ta burge ni ba. Na shiga lungunan Sharaɗa har na san wace kwata ce ke sauya launi ranar da masu rini suka saki ruwa. Na shiga bayan Bompai, gidajen haya na ma'aikata, ɗaki goma rijiya ɗaya, mutanen Jigawa da na Nijar, mata na yi min kallon mai allurar rigakafi sai na zauna na taya su tsinke zogale sannan su buɗe min murfi. Na yi Ɗorayi, na yi ƙauyukan Kumbotso. Har Dutse aka aro mu muka je taya wasu, sati biyu ina kwana a katifar da ba tawa ba, ina tunanin wa ke ba kajina dusa. Masu adaidaita sahu suka san ni, na san su, kuma babu wanda na yafe wa a cikinsu: wanda ya sauke ni a tsakiyar rana ya ce nan ne ƙarshen hanyarsa, da wanda ya haɗa ni kujera ɗaya da ɗanyar fata. Silifas huɗu na cinye. Na yi baƙi, na rame, ƙafata ta tsattsage. Wata tsohuwa a Sharaɗa ta kore ni da tsintsiya wai na zo ƙidaya musu rijiya don a sa haraji. Kare ya bi ni a Bompai, ni da hijabi har ƙasa.

Amma na yi aikin, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Inda 'yan diflomar ke shiga gida biyar, ni sai in shiga sha biyar, in fito da labarin rijiya da na masu rijiyar. Malam Sadiku ya riƙa buga misali da ni. Kaina ya yi girma har ya fara yi wa ɗankwali yawa.

Tsakiyar damina aka zo kan kaso na ƙarshe, sai Malam Sadiku ya kira ni ya ce ya ajiye min unguwar su Gwaggo musamman, tunda gida ce. Na yi godiya. A satin ne kuma santsi ya kwashe ni a Sharaɗa na zurma kwata har gwiwa, na kwana uku ina wanke zane warin bai fita ba.

Ranar da zan tafi na tashi na ga hadari. Na san hanyar unguwar nan da damina, ruwan sama ke haɗuwa da ruwan fata su kwanta a kan hanya, mai adaidaita ya tsaya nesa ya ce ki ƙarasa da ƙafa. Na dafa ɗanwake. Na ci. Na shimfiɗa tabarma wai in ɗan huta kafin hadarin ya yanke shawara. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, yana da nasa ayyukan. Ni ce da kaina na kwanta na yi lissafin nan: wace rijiya ce a unguwar nan ban ja ruwa a cikinta ba? Ta gidan Malam Audu mahauci, gaba tara, ruwanta da ɗan gishiri-gishiri. Ta gidan wanzamai, mai baki a karye. Ta gidan Liman, wadda na taɓa jefa guga a ciki Gwaggo ta zane ni. Na san su kamar yatsuna, kuma duk wadda ta lalace labari ya zo min. Me zan je in gani wanda ban sani ba?

Na jawo waya na danna. Zoben nan ya juya sau biyu ya zama kore nan take. Har na ce kai, ashe sabis ɗin gidana ya fi na ko'ina.

Matsalar hoto ce, don wayar ba ta yarda a aika babu hoto. Na ɗaga kai, sai ga rijiyata tana kallona. Rijiya ai rijiya ce, na ce, rami ne da ruwa. Na ɗauke ta da guga. Na cire gugan na sa bokiti. Na rufe ta da katako, na buɗe, na rufe da langa-langa. Na aro murfi a maƙwabta. Na jiƙa ƙasa ta zama wani gida, na barbaɗa toka ta zama wani. Na ɗauka daga gabas, na ɗauka daga yamma, na hau kujera na ɗauka daga sama. Har daɗin kaina na riƙa ji, ina cewa da an bar ni na yi karatu da yanzu wani zancen ake.

Baban Walida ya dawo daga aikin safe a kamfanin robobi, ya same ni rub da ciki a ƙasa ina saita waya. Ya tambaya ko lafiya. Na ce aiki ne, ba zai gane ba. Ya ce to Allah ya taimaka, ya ɗauki buta ya wuce. Shi ma ina da haushinsa har yau. Mutum ya ga matarsa kwance a ƙasa tana ɗaukar rijiyar gidansa hoto, ya kasa ƙara tambaya ko guda?

Kwana biyu na gama rijiya ashirin da bakwai, kusan duka ja. Na buga wa Gwaggo na ce an gama na unguwarsu, an aika. Ta ce yaushe na zo ba ta gan ni ba, na yi kamar sabis ya ɗauke.

Ƙarshen shekara aka shirya taron rufe aiki a wani ɗakin taro a Bompai, aka raɗa min cewa akwai kyautata. Na ɗinka sabuwar atamfa, na sha lalle hannu da ƙafa. Na sa Baban Walida ya nemi hutun ranar, ya je har Challawa ya ɗauko Gwaggo a adaidaita, don ta gani da idonta a sa unguwarta a jerin masu burtsatse, ta kuma ga abin da riƙonta ya zama. Muka zauna a layin gaba, ni a tsakiya. Shugabar aikin wata Hajiya ce daga Abuja, doguwa, ba ta da yawan dariya. Ita ta miƙa min takardar yabo a cikin gilashi, wai ma'aikaciyar da ta fi kowa shiga gidaje. Aka tafa. Gwaggo ta share hawaye da bakin mayafi.

Sai aka rage fitilu, Malam Sadiku ya haska taswirar a bango da majigi. Gaskiya abin ya yi kyau. Kano ce kwance daga sama, ɗige-ɗige shuɗi da ja kamar an watsa duwatsun tsakiya. Ya yi ta bayani, ga Sharaɗa, ga bayan Bompai. Sannan ya gyara gilashi ya ce akwai wani abin mamaki da aikin ya gano, wanda ba don fasaha ba da babu wanda zai sani. Ya nuna wani jan dunƙule, ja wur, a Panshekara. Ya ce nan ne wurin da ya fi ko'ina lalacewa, shi suka sa a farkon jerin.

Wallahi tausayi na fara ji. Na ce Allah sarki, su wa ke cikin wannan hali a kusa da mu, ni da kunnena ban ji ba?

Gwaggo ta zungure ni ta ce ina tasu unguwar. Na bi hanyar Challawa da ido, na wuce kamfanonin fata, na isa inda ya kamata. Fari tas. Ko ɗigo ɗaya babu.

Hajiyar Abuja ta ce a matso da jan wurin ta gani. Ya matso. A sauran wurare in an matso sai ɗigon su warwatse, kowanne ya koma gidansa. Wannan ya ƙi warwatsewa. Ya ƙara matsowa, ga titi. Ya ƙara, ga masallacin layinmu, ga taransifoma. Ya ƙara, ga darbejiya, ga wani rufin kwano duk tsatsa da falle ɗaya sabo yana ƙyalli a tsakiya, ɗigo ashirin da bakwai sun hau kan juna a gefensa kamar ƙudaje a kan mangwaro.

Na ji numfashin Baban Walida ya sauya. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ke, wancan ba fallen kwanon da na sa bara ba ne?"

Hajiya ta ce a buɗe hotunan.

Jama'a, kada Allah ya ba ku kunne irin nawa a rana irin wannan. Hoto na farko, rijiya da guga. Na biyu, rijiya da bokiti. Na uku, da katako. Tun daga layin baya nake jin raɗa tana tasowa, kalma-kalma, babu wadda ta wuce ni. Wata 'yar difloma ta ce wa ƙawarta kazar nan mai wake-wake ai ita ce ta ɗazu. Ƙawar ta ce wataƙila ita ma ma'aikaciya ce, tare suke yawo. Wani ya ce a duba igiyar shanya, rigar kamfanin nan shuɗiya gida nawa ta kwana. Baban Walida ya sauke hularsa ta rufe masa gira. Malam Sadiku kuwa ya rikice, maimakon ya kashe abin sai ya ci gaba da dannawa, rijiyata na ta wucewa tana sauya kaya kamar amarya ranar kamu.

Duk da haka da sauran rufin asiri, don ba kowa ya san gidan wa ba ne. Sai Gwaggo, wadda ba ta san tana ɗaga murya ba, ta miƙa sandarta wajen bango.

"Ke 'yar nan, wancan ba turmin da na kai ki da shi ba ne? Ga tsagar nan da aka ɗaure da ƙarfe. Me ya kai shi bango?"

Yana nan kuwa. A kowane hoto yana nan, a kusurwa, zaune daram. Na sauya guga, na sauya murfi, na sauya ƙasa, amma turmin nan nauyi gare shi, kuma ido ya saba da shi har ya daina ganinsa.

Ɗakin ya fashe. Da a ce ɗaya daga cikin rijiyoyin nan ashirin da bakwai tana kusa, da na faɗa na ja murfin maƙwabta na rufe.

Mai hankali shiru zai yi. Ni miƙewa na yi, da takardar yabo a hannu, raina na tafasa. Na ce duk abin da na rubuta gaskiya ne, rijiyoyin nan suna nan, a unguwar aka haife ni, na san zurfin kowacce da ɗanɗanonta, wanda ya isa ya zo ya ƙaryata ni. Malam Sadiku ya cire gilashi ya goge zufa.

"Maman Walida, koren nan da kike jira ba sabis ba ne. Wayar ce take gaya mana inda ƙafarki take tsaye."

Wato shekara guda ina yawo da munafuka a jaka, ina yi mata caji, ina rufe ta da hijabi kada ruwa ya taɓa ta, ita kuwa tana kai rahotona. Na juya kansa. Na ce da wane yare ya faɗa mana haka a Kaduna? Na ce kuma wata huɗu abin nan yana hannunsa, ko sau ɗaya bai matso da shi ya duba ba sai yau a gaban baƙi? Wannan ta same shi, don na ga Hajiya ta juya ta yi masa wani kallo, ta rubuta wani abu a takarda. Na ɗan ji sanyi, na kamar ƙiftawar ido.

A lokacin Baban Walida ya gama yi wa Gwaggo bayani a kunne. Ta juyo ta dube ni. Tun sanda kunnenta ya yi nauyi ban taɓa jin ta yi magana ƙasa-ƙasa ba sai ranar.

"Ashe ba ki zo ba. Ni kuwa na yi ta faɗa da mutane a kanki. Na ce musu aikin zamani ne, ta sama ake yi."

Dariyar mutanen ɗakin ban san sanda ta tsaya ba. Na zauna.

Bayan taro Hajiya ta kira ni gefe, ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce za a goge Panshekara daga jerin, unguwar da ke biye ta hau. Na ce to a mayar da ɗigon unguwar su Gwaggo, ai nasu ne. Ta ce ba za ta haƙa rami a kan abin da babu wanda ya je ya gani ba, kuma jerin wannan zagayen gobe zai tafi. In na je na kawo na gaskiya, za a sa su a zagaye na gaba. Na ce yaushe ne na gaban? Ta ce ba a hannunta yake ba. Ta ƙara da cewa za a sake duba aikina na shekara kaf. (An duba, ba a sami komai ba sai wannan. Ina faɗa ne don kada ku ƙara naku gishirin.) Na bar takardar yabon a kan kujera. Baban Walida ya ɗauko ta ya biyo ni da ita har gida, wai gilashin mai kyau ne. A kanta nake shanya kuɓewa yanzu.

Washegari da sassafe na kama hanyar Challawa, da sauran lallen taro a ƙafata. Kwana huɗu na yi, gida-gida. Gwaggo ta riƙa bina da sanda, in na shiga gida ta zauna a soro. Kowane gida kuwa labari ya riga ni isa. Matan da muka yi wasan gaɗa tare suka riƙa tambayata ko in kawo kaza su riƙe min a hoton.

A nan ne ɗan abin da ya rage min na taƙama ya zube. Rijiyoyin da na ce na sani kamar yatsuna, huɗu an cike su da ƙasa tun tuni. Ta gidan wanzamai ta rufta. An haƙa sababbi da ban taɓa jin labarinsu ba, su ma sun lalace. Ashe sama da shekara biyu rabona da unguwar, sai waya, sai aike, sai in an zo min. Labari yana zuwa kan tabarma, gaskiya ne, amma wanda aka ga dama ne yake zuwa. Kuma kunne ba ya shaƙar wari.

Gidan Gwaggo na bari ƙarshe. A tabarmata na rubuta cewa ruwan rijiyarta ba ya shawuwa amma ana wanki da shi, don haka ta taɓa gaya min a waya. Ta karɓi guga da kanta, ta hana ni taya ta, ta jawo ta ajiye a gabana. Ruwa kamar baƙin shayi, da kumfa a kai, warin ya sa na ja baya. Sai a lokacin na dubi hannuwanta da kyau, hannuwan da suka share hawaye jiya-jiya a Bompai ban lura ba saboda ina kallon gilashina. Duk sun yi tsaga, tsakanin yatsu ya saɓule. Na ce Gwaggo me ya sa ba ku faɗa min ya kai haka ba? Ta ce a waya? Ta ce ita ba ta iya kai ƙara a waya ba.

Ta nuna min bakin rijiyar da sanda.

"Tsaya nan. Kada ki motsa sai abin naki ya yi kore."

Ranar kuwa zoben nan ya ƙi tsayawa da wuri. Ya yi ta juyawa, ina tsaye a rana, warin na hawa min kai, Gwaggo na zaune a kan kujera 'yar tsugune tana kallona. Ban taɓa jin jira mai tsawonsa ba.

An karɓi aikin. Unguwar ta fito a taswira, ja wur, a inda take. Burtsatsen da ya kamata ya zama nasu yana can wata unguwa ana sha, Allah ya sa musu albarka, su ma mabuƙata ne. Su Gwaggo suna jerin zagaye na gaba, kuma har yau da nake wannan rubutu zagayen bai zagayo ba. Duk Asabar nake cika jarkoki daga rijiyata, wadda dama lafiyarta ƙalau, in ɗora a adaidaita in kai mata da kaina, da rani da damina. Ta huce, har tana tsokanata, amma in na yi sallama sai ta ce wa ke nan, ƙafar ce ko wayar?

A layinmu kuma sunan gidana ya koma Gidan Rijiyoyi. 'Yan garuwa in za su wuce da kura sai su tsaya a soro su yi sallama da ladabi, su ce Hajiya wacce ce a buɗe yau cikin ashirin da bakwai ɗin. Malam Sadiku na ji an ce yanzu da Hausa zalla yake bita, har yana sa a maimaita masa. Ai dole.

Baban Walida ya ce darasin shi ne in mutum zai yi irin wannan aikin ya fara matsar da turmi. Ban yi dariya ba, ko da yake na matsar da shi ɗin, ya koma bayan ɗaki, don na gaji da haɗa ido da shi. Nawa darasin bai wuce wannan ba: abin da na sani a kan tabarma tsohon labari ne, kuma wadda ta goya ni ta fi ƙarfin a san halinta ta waya.

Ina jin dariyarku daga nan, kun san kunnena. Ku gama, ba komai, na saba. Amma ku ma akwai wata tsohuwa a wani lungu da kullum kuke cewa lafiyarta ƙalau, kun yi waya jiya. To ku gaya min tsakani da Allah, yaushe rabon da ku tsaya a bakin rijiyarta?